Raili da Mashin Mijinta

Duk wanda ya yi firamare a Haapaluoma ya san hannun Raili Karppinen, domin da shi aka zuba masa abinci. Ita ce ta yi shekara da shekaru tana dafa wa makarantar. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ga damtse kamar na maƙeri, wanda ta samo wajen juya fate a tukunyar da yaro zai iya wanka a ciki, da kinkimar buhunan dankali daga mota zuwa sito. Wasan motsa jiki kuwa ko a mafarki. In aka yi mata zancen gudu sai ta ce, "Wa ya biyo ni?"

Mijinta Oiva shi ne ɗan wasan gidan, aƙalla a bakinsa. Direban tankar madara ne, ya gama zagaye gonakin yankin nan kaf kafin ya yi ritaya. Yana saurayi ya taɓa zuwa na uku a jifan mashi a gasar gunduma, kuma tun daga ranar nisan jifan nan bai daina ƙaruwa ba, musamman in maza sun shiga sauna, wato ɗakin wankan zufa, tururi ya ratsa su, baki ya buɗe.

Da suka ajiye aiki su biyun, Oiva ya samu kujera a gaban talabijin ya aure ta. Tumbi ya fito, jini ya hau, likita ya ce ko ya motsa ko a motsa shi. Shi ne ya hau rufin rumbun itace ya sauko da tsohuwar sha'awarsa, ya shiga ƙungiyar tsofaffin 'yan wasa da ke haɗuwa a filin bayan makaranta, ya sayi mashi sabo fil mai ratsin shuɗi. Da yake mota ɗaya gare su, kuma kanti yana kan hanyar filin, Raili kan bi shi. Ta zauna a benci da filas ɗin gahawa tana saƙa safa, tana kallon tsofaffi suna nishi.

Ran nan da yamma, cikin bazara, Oiva ya yi jifa, mashin ya karkace ya zo ya soke ƙasa kusa da bencin, saura ƙiris ya tsire jakar zarenta.

"Tsohuwa, miƙo min mana!" in ji shi daga can nesa.

"Ƙafarka ciwo take?"

"Haba, ai kin fi kusa."

Raili ta ajiye saƙa, ta tumɓuke mashin. Ta dubi nisan da ke tsakaninsu, ta ga ba za ta taka ba saboda wani ƙaton da ya kasa saita hannunsa. Sai ta riƙe shi yadda ta ga suna yi, ta ja baya, ta wurga. Mashin ya tashi yana rawa, ya bi ta saman kan Oiva, wanda ya dafe hula ya durƙusa, ya je ya sauka can bayansa.

 Sai wani tsoho mai suna Kalevi, wanda ke riƙe da igiyar awo, ya ce, "Oiva, anya ba ita ce ta zo na ukun nan ba?"

Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Suka kama hanyar gida. Oiva ya wuce kanti bai tsaya ba, Raili ma ba ta tuna masa ba. Ya yi kwana biyu yana cin abinci kai a sunkuye, yana amsa magana da hanci. Raili ta fara tunanin ko ta ba shi haƙuri, amma ta rasa laifin da za ta ambata. Ana nan, wata safiya tana shanya, sai ga shi da mashin a hannu.

"Gwiwar hannunki ta yi ƙasa," in ji shi.

"Wace gwiwa?"

"Ranar nan. Da kin ɗaga ta sama da kafaɗa, da ya ƙara nisa. Jifa kika yi kamar mai korar hankaka. Ajiye kayan nan ki zo bayan gida."

Ta haka Oiva ya tashi daga ɗan wasa ya koma mai horarwa, kuma kowa ya shaida nan ne Allah ya ajiye rabonsa. Ya sayi usur, ya sayi hula mai baki. A gonar ciyawar da ke bayan gidansu ya koya mata riƙo, da takun gicciye, da yadda ake dasa ƙafar hagu. Shi ke zuwa ɗauko mashin duk jifa, har tumbin ya zube ba tare da ya sani ba. Raili tana da shekara sittin da uku a lokacin. 'Ya'yansu biyu da ke aiki a birnin Tampere suka ɗauka wasa ne, sai da suka ga hotonta a jaridar gunduma da gajeren wando.

A gasarta ta farko ta haɗu da Terttu Hautala. Doguwa ce siririya, tsohuwar malamar wasanni daga wani gari da ke kusa da Haapaluoma, ta yi shekaru tana kwashe lambar zinare a gasar tsofaffin mata ta yankin ba mai ce mata kanzil. Komai nata a tsare: takalmi mai ƙusa, tawul a ninke, ayaba guda a cikin 'yar jaka. Ta dubi Raili sama da ƙasa, ta dubi takalmin zuwa kantin da ke ƙafarta.

"Baiwar Allah, masu sayar da gahawa can suke, bayan rumfa."

"Na gode," in ji Raili. "In na gama da ke zan leƙa."

Ba ta gama da ita ba ranar, Terttu ce ta ci. Amma da kaka ta zagayo Raili ta rama, kuma daga nan aka ɗaura. Shekara takwas suna abu ɗaya: yau wannan, gobe waccan. Terttu tana da iyawa, jifanta kamar an zana. Raili kuwa ƙarfi ne zalla, ta taho a guje kamar za ta kama motar haya, ta saki ihu, mashi ya tafi. Ba su taɓa shan gahawa a tebur ɗaya ba. Terttu na kiranta "Uwar Ludayi", ita kuma tana kiran Terttu "Hedimasta". Raili ta jera lambobinta na yabo a jikin ƙusar da take rataye tsumman kicin, wai nan ne aka fi ganinsu.

Abin da Oiva ya kasa koya mata shi ne haƙuri da jiki. Sauran tsofaffi kan daɗe suna warware gaɓoɓi kafin su taɓa mashi, har lokacin ɗumama jikin ya fi na gasar tsawo. Raili na ganin wannan ragwanci ne. Hutu kuwa, a wurinta, na marasa lafiya ne.

Tana da saba'in da ɗaya abin ya faru. Farkon bazara ne, ƙanƙara ba ta daɗe da narkewa a tafki ba. Ta wuni a bakin ruwa tana dirzar dardumomin gidan da buroshi, washegari kuma akwai gasa, ga sanyi mai shiga ƙashi. Suka makara saboda ta tsaya jiran burodi ya nuna. Suna isa ana kiran sunanta a lasifika.

"Ki ce su wuce ki a zagayen farko," in ji Oiva. "Ki ɗan zagaya fili, ki juya hannun nan. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ni da na wanke dardumomi jiya? Ai jikina a ɗume yake tun jiya."

"Raili."

"Riƙe min rigar sanyi, malam."

Ta hango Terttu a gefe tana miƙa, tana murmushin nan nata. Ta ɗauki mashi, ta taho da ƙarfinta duka. Da ta saki, sai ta ji wani abu ya ce ɗas a cikin kafaɗarta, kamar an tsinke igiyar shanya. Mashin ya faɗi nan kusa, a kwance. Hannun ya sauko ya rataye, ya ƙi sake tashi. Ba ta yi ihu ba. Ta dai zauna a kan ciyawa, ta dubi Oiva ta ce, "To, faɗi abin da za ka faɗa."  Ya lulluɓa mata rigar, ya tafi kawo mota.

Likitar da ta duba hoton kafaɗar a asibitin birni, wata mai gilashi ce da furfura ta fara yi wa sallama. Ta karanta sunan, ta ɗago kai.

"Goggo Raili? Ta kicin ɗin makaranta?"

"Ke 'yar wa ce?"

"Marjut ce, 'yar gidan Ojala. Wadda kika tsare a tebur har aka koma aji, wai sai na shanye romon kifi."

"Kin shanye?"

"Ina da zaɓi ne?" Likitar ta juyo da hoton. "To, yau ranata ce, Goggo. Jijiya ce ta yage, sai an yi aiki an ɗinke. Bayan nan hannun zai zauna a rataye, sannan a fara gashi a hankali. Abin da aka zuba miki duk sai kin cinye, ba zaɓe."

"Zan sake jifa?"

"In kin ji magana, ina sa rai. Naman jiki ba ya daina ginuwa don an tsufa, ko a shekarunki yana ƙaruwa in an ba shi aiki da abinci. Warkewa ce take jan ƙafa. Abin da yarinya za ta warke a sati, ke sai kin ba shi wata. Ki ci ƙwai, ki ci kifi, ki sha madara, ki yi barci. Ranar hutu ma horo ce. Kuma wanda ya duba kafaɗar nan ya san da hannu kaɗai kike jifa. Ina ƙafafunki suke duk shekarun nan?"

"Suna kai ni kanti," in ji Raili, amma muryar ba ƙarfi.

Aka yi aiki lafiya. Abin da ya biyo baya ne ya fi aikin wuya. Matar da ta ciyar da gari guda ta koma sai an yanka mata burodi. Oiva ya karɓi kicin da zuciya ɗaya, ya dafa dankali yau, ya dafa dankali gobe, wata rana ɗanye wata rana ya narke. Shi ke taje mata kai, yana yi kamar mai sharar dusar ƙanƙara a ƙofar gida. Mai gashin ƙashi ya ba ta wata jar roba ta ɗaura a marikin ƙofa tana ja a hankali. Raili ta dubi robar, ta tuna buhunan da ta ɗauka a rayuwarta, ta ji kamar zagi.

Wata rana da hantsi, Oiva ya fita, ta yi ƙoƙarin sauko da gwangwanin gahawa daga kanta. Hannun ya kai rabi ya tsaya. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Sai ta zauna a kujerar kicin ta yi kuka sosai, irin wanda rabonta da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Da Oiva ya dawo ta ce ya kai mashin makaranta ya ba yara. Ya ce to. Ya ɗauka ya fita da shi, ya tura shi ƙarƙashin rufin sauna, ya dawo ya ce ya bayar.

Ana cikin haka, ran wata Laraba, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Raili ta leƙa ta taga, ta ce, "Na shiga uku, Hedimasta." Terttu ta shigo da kek a faranti, ta cire takalmi ta jera su daidai, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Ashe kina raye."

"Kin zo ki tabbatar ne?"

"Na zo in ga wadda ta lalata min bazara. Kin san da wa nake gasa yanzu? Ni kaɗai. In yi jifa, in tafa wa kaina, a miƙo min lamba kamar an ba ni rasit. Ranar nan har hamma na yi a kan layi."

"Ai abin da kike so ke nan."

"Da na ɗauka haka." Terttu ta yanka kek ɗin ta tura mata. "Ci. Na san bai kai naki ba, kada ki faɗa. Ni ma an yi min wannan aikin, a gwiwa, kafin ki san ana jifan mashi a duniya. Na yi wata uku ina zagin kowa. Gobe ki shirya, zan zo mu je wurin iyo."

"Da hannu ɗaya? So kike in nutse ki huta."

"Ba iyo za ki yi ba, gudu za ki yi a cikin ruwa. Kuma in kin nutse wa zan kayar?"

Raili ta gutsiri kek ɗin. Ya bushe, sukari bai ji ba. Ta cinye, ta ƙara.

Haka suka shafe damina da hunturu. A wurin iyo aka ɗaura wa Raili wata ɗamara mai sa mutum ya taso, suka riƙa sassarfa a ruwa daga wannan bango zuwa wancan, kai kaɗai a waje kamar agwagi, baki bai huta ba. A nan Raili ta ji cewa mijin Terttu ya rasu da daɗewa, ɗanta ɗaya yana Sweden, kuma ranar gasa ce kaɗai ranar da take magana da mutane da yawa. Da likita ta ba da izini suka koma gidan ɗaga ƙarfe, cikin samari masu zane a damtse. Terttu ta sa ta tsuguna ta tashi da ƙarfe har cinyoyinta suka riƙa rawa a kan matakala. Ta hana ta zuwa kwana biyu a jere. Ranar hutu Raili kan zauna a gida tana huci, tana cin dafaffen ƙwai kamar magani.

Oiva ya ɗan yi kishi da farko. "Ni na gano ki," yake cewa. "Yanzu wata ta zo da ayabarta ta ƙwace min ɗaliba." Amma ranar da Raili ta kore shi daga kicin, ta ɗaga tukunya da hannu biyu ta ɗora a wuta, sai ya fita, ya dawo da mashin duk yanar gizo.

"Ba ka ce ka bayar ba?"

"Yaran sun ce ya yi musu nauyi."

Sai da bazara biyu suka wuce kafin ta sake tsayawa a layi, a gasar tsofaffi ta ƙasa, tana da saba'in da uku. Wannan karon ita ta riga kowa zuwa fili. Ta zagaya, ta miƙe, ta ja jar robarta a jikin shinge ba kunya. Gudun nan na kama mota ta bar shi, taku kaɗan take yi, ta dasa ƙafa, ƙugu ya juya, hannu ya biyo daga baya. Jifan farko ta yi shi da tsoro, tana sauraron kafaɗar. Shiru, ba ɗas ba ɗis. Na uku ya tashi sumul, ba rawa, ya soke ƙasa a tsaye. Bai kai nisan da take yi da ba, amma Oiva ya busa usur a wurin da aka hana busawa, har wani ma'aikaci ya zo ya yi masa magana.

Jifan Terttu ya wuce nata da tazarar tafin hannu ɗaya. Raili ta buɗe baki za ta ce iska ce ta taimaka, sai aka kira wani suna da ba su sani ba. Wata mata ce daga arewa, ja-jir da ita, ta cika saba'in a watan da ya wuce, shigarta rukuninsu ke nan. Ta taho tana taunar cingam, ta wurga mashin can inda ba wadda ta taɓa kaiwa a cikinsu, ta juya tana ɗaga wa jikokinta hannu.

Tsofaffin biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallo.

"Wannan yarinyar fa?" in ji Terttu.

"Ko yaye ta ba a gama ba. A duba takardar haihuwarta."

"Ba kunya, ta zo cikin manya tana cin cingam."

Suka hau dandamali, yarinya a tsakiya, Terttu a dama, Raili a hagu, suka yi mata murna da haƙora a waje. Da aka sauko Terttu ta ja Raili gefe.

"Kwantar da hankalinki. Shekara biyu suka rage mu cika saba'in da biyar, mu haye rukunin gaba mu bar ta a nan. Can mu ne yara. Kuma mashin can ya fi wannan sauƙi."

"Da gaske?"

"Ni zan yi miki ƙarya? Ke dai ki riƙe kafaɗarki, ni in riƙe gwiwata."

A hanyar komawa mota ɗaya suka shiga, don Terttu ta daina tuƙin nesa. Mashin Raili da na Terttu suna kwance tsakanin kujeru, tsininsu ya kai har gilashin gaba, Oiva yana tuƙi da kai a karkace. Suka tsaya a wani gidan mai suka ci miyar kifi. Raili ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa, ta kira mai wurin ta yi masa bayanin yadda ake yi. Terttu ta yi barci tun kafin su fita garin, baki a buɗe. Raili ta juya ta dube ta, ta ce wa Oiva ya rage rediyo, kuma in sun isa ya share ɗakin baƙi, don ba za a bar tsohuwa ta kwana ita kaɗai ba bayan wannan doguwar tafiya.

"Tsohuwa?" in ji Oiva. "Ai da wata huɗu ta girme ki."

"To, ba girma ba ne? Kalli hanya."